Daga Azara Zuwa Kwantena: Waiwaye Kan Sayo Kayan Gida Daga Ƙetare

Duk wanda ya shiga sabon gida a unguwannin da ke tasowa a gefen Kano ko Kaduna ko Katsina a yau, in ya tsaya ya tambayi asalin abin da idonsa ya gani, zai ƙirga ƙasashe kafin ya kai falo. Ƙofar ƙarfen da ya turo wataƙila daga Turkiyya ta zo. Tayil ɗin da ya taka daga Sin ne ko Indiya ko Sifen. Fitilar da ke lilo a samansa, da famfon da zai wanke hannu, da labulen taga, da kujerar da za a nuna masa ya zauna, kowanne ya kwana a kan teku makonni kafin ya iso. Mu da muka taso a ɗakunan soro masu daɓe, a kan idonmu wannan sauyi ya faru, kuma ya zo da saurin da bai bar mu mun zauna mun auna shi ba. Abin da na lura da shi cikin shekarun nan shi ne, sayo kaya daga nesa ya yi sauƙin da iyayenmu ba su taɓa zato ba, amma shirin da ake bukata kafin a saya ya ƙara nauyi, kuma a wajen shirin ne yawancinmu muke sakaci.

A da, gida daga ƙasar da zai zauna a kai yake fitowa. A haƙo ƙasa a kududdufin unguwa, a kwaɓa da ciyawa, a mulmula tubali a shanya. Azara daga giginya take, makuba daga ɗorawa, ƙyaure kuma aikin masassaƙi ne da maƙeri. Da irin waɗannan kaya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masana gini suna nazarin bakan gizonsa. Mai gida yakan je da kansa ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko ta ƙosa. Uwar amarya takan ɗaga ƙwarya ta haska ta a rana ta ga ko da tsaga. Hannu da ido su ne shaidun ciniki. Kayan ƙetare akwai su tun a wancan zamani, don Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar da allurai da madubai da takarda da duwatsun ado na Turai a kasuwa, waɗanda suka ratso Sahara daga Tarabulus. Sai dai duka ƙananan kaya ne da raƙumi zai iya ɗauka. Ba wanda zai ɗoro gado ko ƙyaure ya keto hamada da shi.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ta buɗe wa kaya masu nauyi hanya. Kantunan Turawa irin su John Holt da GBO da CFAO, daga baya da UAC, suka kawo kwanon rufi da siminti da ƙusa da kwaɗo da fitilar ƙwai da gadon ƙarfe mai rumfa. Ɗakin amarya shi ma ya bi sahu. Jeren ƙorai ya ba tasoshi wuri, tasoshi suka ba kwalla da langa wuri, har daga baya 'yan Hong Kong suka zo suka kafa masana'antun langa a cikin Najeriya. Duk da haka, mai saye bai san wahalar teku ba. Kamfani ne ke yin oda, shi ke biyan kwastan, shi ke ɗaukar asarar abin da ya fashe a hanya. Namu kawai mu je kanti mu taɓa, mu taya, in an sallama mu biya mu kira mai kura.

Sai man fetur ya kawo kuɗi. A tsakiyar shekarun 1970, da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, kowa ya tashi gina gidan siminti mai rufin kwano, ga naira ta fi dala ƙarfi. A lokacin ne ƙasar nan ta yi odar da har yau ake ba da labarinta. A 1975 hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kusan tan miliyan 20, alhali tashar Legas kusan tan miliyan ɗaya take iya saukewa a shekara. Jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, wasu wata da watanni, ana biyan su tarar jinkiri kullum, siminti kuma yana shan danshi yana daskarewa a cikinsu. Kuɗin saye akwai, masu sayarwa akwai. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zauna ya tambaya: in kayan nan sun iso, ina za a sauke su, kuma cikin kwana nawa? Wannan cunkoso yana cikin dalilan gina tashar Tin Can da aka buɗe a 1977. Darasin da gwamnati ta biya da tsada a lokacin, shi ne ɗaiɗaikun mutane suke ta sake biya a yau.

Daga 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, manyan kantunan suka fara ja da baya, 'yan kasuwarmu suka ɗauki hanyar da ƙafarsu. Dama alhazai sun saba dawowa daga Jidda da darduma da kafet da agogon bango da tangaran a matsayin tsaraba, tsarabar ce ta rikiɗe ta zama sari. A shekarun 1990 Dubai ta karɓi ragama, unguwar Deira ta zama tamkar reshen Kantin Kwari, har ta kai in an ce jeren Dubai aka yi wa amarya, magana ta ƙare. Ba a daɗe ba masu lura suka gane cewa mafi yawan abin da ke kantunan Dubai a Sin aka ƙera shi. Bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, tafiya ta miƙe zuwa Guangzhou, unguwannin Xiaobei da Sanyuanli suka cika da 'yan Afirka, har mutum ya ji ana Hausa a gidan abinci.

Wanda ya je can yakan fahimci cewa kowane gari da abin da ya ƙware a kai. Guangzhou ce ke da babban baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, wajen Afrilu da wajen Oktoba. Kusa da ita akwai Foshan, cibiyar tayil, kuma a yankinta ne kasuwar Lecong take, inda kantunan gadaje da kujeru suka jeru tsawon kilomitoci a gefen titi guda. Fitilu a Guzhen suke, kayan banɗaki a Chaozhou, ƙofofin ƙarfe a Yongkang, ƙananan kayan gida a Yiwu. Haka Indiya take da Morbi a jihar Gujarat wajen tayil, Turkiyya kuma da Inegol wajen kayan katako.

A wani ɗakin nunin tayil a Foshan na ga wani dattijo ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa yana ciniki, kuma yadda ya yi shi ya tsaya mini a rai. Bai tambayi farashi ba sai da ya gama da kayan. Ya ɗaga tayil ɗaya ya ƙwanƙwasa ya saurari amonsa. Ya kifa shi ya ɗiga ruwa a bayansa, ya tsaya yana kallon ko zai tsotse, don tayil mai shan ruwa ba ya jure banɗaki da tsakar gida. Ya haɗa biyu fuska da fuska ya leƙa tsakaninsu ya ga ko akwai tanƙwara. Ya zaro ɗan ma'auninsa ya auna kauri. Da suka daidaita, sai ya ce a kawo samfuri biyu. Ya sa hannu a bayan kowanne da alƙalami mai kauri, mai kamfanin ma ya sa, ɗaya ya zauna a masana'anta, ɗaya ya bi shi gida. Ya ce wa yaron da ke masa tafinta: "Ɗana, gaya masa wannan zan karɓa, in ya sauya ko da launi ne, kayansa ne." Ko kalma ɗaya ta Sinanci dattijon nan bai iya ba, amma ya tafi da tarbiyyar kasuwar gida har can.

Sauyi na baya-bayan nan shi ne ya fi kowanne girma. Wayar hannu ta ɗauke tafiyar gaba ɗaya. Da Alibaba da 1688 da WeChat, matar aure tana ɗakinta a Gusau ko Maraɗi za ta zaɓi labule da tukwane da kujeru, ta tallata hotunansu a WhatsApp da Instagram, ta tara kuɗin masu so, ta yi oda. Annobar korona a 2020, da ta rufe hanyar zuwa Sin na tsawon lokaci, ta ƙara tura mutane ga wannan hanya. Alheri ne babba, kuma ina farin ciki da shi. Mata da yawa sun samu sana'a ba tare da sun bar gidajensu ba, matasa marasa babban jari sun shiga kasuwar da a da sai attajirai, mai gini kuma ya samu zaɓi. Amma hannun da ke ƙwanƙwasa azara ya fita daga cinikin. Mutum yana biyan miliyoyi a kan hoto, wato cinikin biri a sama da magabata suka hana. Tunda hannu ba ya kaiwa, dole shiri ya tsaya a madadinsa.

Farkon shirin shi ne awo. Na halarci buɗe kayan wata amarya da aka yi odarsu daga ƙetare, saura 'yan kwanaki a yi jere. Gado ne mai kyau ƙwarai, amma an yi shi a kan awon can, faɗi mita 1.8, tsawo mita 2. Katifar da aka riga aka saya a nan kuwa mai ƙafa shida da shida ce, wato kusan santimita 183 kowane ɓangare. Ta ƙi shiga ta faɗi, ta kuma bar rami ta wajen ƙafa. Kabad ɗin ya zo a wargaje cikin kwalaye, ba takardar haɗawa, wasu maƙalai ma babu. Kafintan unguwa, wanda tun farko aka ce aikinsa bai kai ba, shi aka kira da dare ya yi ta dabara. Irin wannan tana faruwa a kayan gini fiye da haka. Masan zama iri biyu ne, mai bututu ta ƙasa da mai bututu ta bango, in mai aikin famfo ya riga ya binne nasa, wanda ya saɓa ba zai zaunu ba. Ƙofa akwai mai buɗewa dama akwai mai buɗewa hagu, kuma firam ɗinta sai ya dace da kaurin bango. Soket ɗinmu mai baki uku ne irin na Ingila, na Sin daban yake. Kafin a tura ko sisi, a ɗauki tef a zagaya gidan tare da magini da mai famfo da mai wuta, a rubuta komai da santimita.

Bayan awo sai yanayi. Kudancin Sin wuri ne mai danshi, mu kuwa muna da hunturu da bazara. Katakon da bai bushe sosai ba, hunturu ɗaya ya ishe shi ya tsage ko ya buɗe a mahaɗa. Allon garin katako da ake yawan yin kabad da shi, in ruwan goge-goge ya taɓa gindinsa, kumbura yake. Ledar roba da ake lulluɓe kujeru da ita takan fara saɓulewa a zafin Arewa tun amarya ba ta yi yaye ba. Wanda ya san haka zai tambayi irin katako, da irin soso, da irin yadi, kafin ya tambayi launi.

Sai rubutu. Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa sharuɗɗan cinikin abin da ba ya gaban ido, kamar salam da istisna'i: a fayyace siffa, a fayyace awo, a yanke ajali. Abin da ciniki da masana'antar ƙetare yake bukata ke nan daidai. "Irin na hoton nan" ba siffa ba ce. A rubuta kaurin kwanon rufi, ko milimita 0.45 ne ko 0.55. A rubuta darajar tayil, ta ɗaya ce ko ta biyu, a kuma sharɗanta duka su fito daga gashi ɗaya, don gashi biyu ba sa ba da launi ɗaya. A ƙara kusan kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka auna saboda yanka da fashewa, domin bayan shekara ba lalle a sake samun irinsa ba. A rubuta yadda za a ɗaure kayan, musamman gilashi da tangaran da za su sha girgizar kusan kilomita 1,000 daga Legas zuwa Kano. A nemi samfuri ko da kuɗi ne. Mun saba cewa kayan Chaina ba su da ƙarko, amma gaskiyar ita ce masana'anta ɗaya tana yin mai kyau tana yin na banza, gwargwadon abin da aka biya. In ɗan kasuwa ya matsa a rage farashi fiye da kima, ba za a yi masa musu ba, sai a rage kauri. Araha ba ta ado, kuma in wayar wuta ce aka rage wa kauri, gobara ake sayo wa mutane. Wannan nauyi yana wuyan mai shigo da kaya, a gaban hukuma da gaban Allah.

Sannan mutum. Fataken da suka yi safarar goro zuwa Gwanja ba sa tashi sai da madugu da jagaba, kuma a kowane zango suna da fatoman da zai sauke su, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki. Ejan na Guangzhou da ejan na tashar Apapa su ne fatomomin yau, kuma zaɓensu ya fi zaɓen kaya muhimmanci. A tambayi waɗanda suka yi hulɗa da shi shekaru, a san gidansu da wanda zai tsaya masa. A san kamashonsa tun farko. A tabbatar ko wanda ake magana da shi masana'anta ce ko dillali, a nemi takardar rajistar kamfaninsa, kuma sunan da ke takardar ya zama shi ne sunan asusun da za a tura kuɗi. Al'adar cinikin ita ce a ba da kafin alƙalami, galibi kashi 30 cikin ɗari, a cika sauran in kaya sun kammala. Tsakanin biyan farko da na ƙarshe nan ne ƙarfin mai saye yake. A sa wani ya je ya buɗe kwalaye, ya ƙirga, ya gwada da samfuri, ya ɗauki bidiyo, kafin a cika. Kuɗi in sun gama fita, sai roƙo.

Lissafi kuwa shi ne inda riba take mutuwa ba a sani ba. Farashin da ke kan waya somin-taɓi ne. A tambaya: a ƙofar masana'anta za a miƙa kayan, ko sai an ɗora su a jirgi, ko har Legas? Kwantena mai ƙafa 20 takan ɗauki kusan CBM 28 (awon wurin da kaya ke ci), doguwa mai ƙafa 40 kuma kusan 68. Tayil nauyi yake cikawa tun wuri bai cika ba, kujeru kuwa wuri suke cinyewa ba nauyi, shi ya sa masu dabara suke haɗa mai nauyi da mara nauyi. Mai ɗan kaya kaɗan yakan shiga kwantenar haɗaka ya biya gwargwadon wurin da ya ci. A kan wannan a ɗora inshora, da kuɗin kwastan, da harajin VAT na kashi 7.5, da kuɗin tasha, da ladan ejan, da motar da za ta kawo Arewa, da 'yan dako. Takardu kuma a fara su kafin jirgi ya taso: Fom M ta hannun banki, da shaidar inganci ta SONCAP wadda aka fara a 2005, da PAAR da kwastan ke bayarwa tun ƙarshen 2013. Kayan da suka riga takardunsu isowa, kowace safiya kuɗin ajiya da tarar jinkiri suke ci.

Ga kuma abin da ba ya hannun kowa. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ba da kafin alƙalami a farashin farko, ya zo cikawa a na biyu, ya san abin da ya gani a kasuwar canji ta Wapa, ga kuɗin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi. Doka ita ma tana juyawa. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana kaya 41 samun dala daga hannun gwamnati, ciki har da siminti da kwanon rufi da tayil da ƙofofin katako da kayan ɗaki, sai a Oktoban 2023 aka ɗage. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya tsare kayan masu bi ta Kwatano da Maraɗi. Don haka a binciki dokar da ke ci a ranar, a kuma ware wani abu a gefe saboda ɓacin rana. Lokaci ma a ba shi haƙƙinsa. Ƙira takan ci makonni, teku wata ɗaya da rabi ko fiye, fito wasu makonnin. Sabuwar shekarar Sinawa, da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, tana rufe masana'antu na makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sa biki bayan Sallah, odarsa ta wuce tun kafin azumi da nisa.

Akwai tambayar da ta kamata ta riga duk waɗannan, ita ce ko kayan ma sai an ƙetare teku. Gida bai tsaya inda muka bar shi ba. Ƙasar da ta tara jirage 400 tana jiran siminti, yau daga Obajana da Ashaka da Kalambaina take gini. Ana gasa tayil a jihohin Ogun da Kogi. An buɗe tashar Lekki da tashar tudu ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, abin da zai taimaki mai shigowa da mai fitarwa baki ɗaya. Kafintocinmu matasa sun samu injuna, suna kallon zane a waya su fitar da shi, kuma in ƙafar kujera ta karye ga su nan kusa. Abin da ya fi dacewa a yawancin gidaje shi ne a shigo da abin da ba mu iya yi da kyau tukuna, kamar makullai da maƙalai da famfuna da wasu fitilu, a bar wa na gida aikin katako da ƙarfe da ɗinki. Kwantenar kujeru guda ɗaya aikin watanni ne na shagon kafinta da yaransa, kuma ya kamata mai saye ya sa wannan a ma'auni. Iyayen amare su ma su duba. Gasar kayan waje ta jefa gidaje da yawa cikin bashi a kan gadon da ba zai kai shekara biyar ba.

Ba na kiran kowa ya koma azara da ƙwarya. Hanyar ƙetare ta buɗe, ta kuma amfane mu. Kirana ga mai gini da uban amarya da 'yar kasuwar waya shi ne, kafin ku tura kuɗi ku auna, ku rubuta, ku riƙe samfuri, ku san wanda zai tsaya muku a can da nan, ku lissafa kuɗin kayan har ƙofar gida. In lissafin ya nuna na gida ya fi, ku sayi na gida ba tare da jin kunya ba. Allah Ya sa albarka a nema, Ya tsare dukiyar bayinsa daga asara.